Sakatar Ɗakin Baya

Talata, 4 ga wata, ƙarfe goma na safe

Auta ce ta buɗe min wurin nan a waya, wai in riƙa rubuta abin da ke cina a rai maimakon in yi ta bin ta har bakin banɗaki da surutu. To ga ni. Yatsana ya yi wa abin kauri, in na taɓa harafi ɗaya biyu ke fitowa, amma a hankali dai.

Malama ta turo saƙo da safen nan. Malama matar Dogo ce, ɗana na fari. Har yanzu matarsa ce, tunda ba a ce an rabu ba, sai dai wata bakwai ke nan tana gidan iyayenta da jikata Takwara, wata bakwai ban sa su a ido ba. Ga abin da ta rubuto, na karanta ya fi sau goma:

"Mama ina kwana. Ranar Alhamis 27 ina da ganin likita da sassafe a garinku, motar safe ba za ta kai ni a kan lokaci ba. Ko za mu iya kwana ɗaya a wurinki ranar Laraba, ni da yarinya? Don Allah kada ya sani."

Na ce ku zo, gidanku ne. Na goge gidanku ne, na bar ku zo kawai.

Likitan kunne ne. Ban tambayi wane kunne ba.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Na buɗe ɗakin baya. Nan suka zauna da ita da Dogo shekara guda lokacin da aikinsa ya tsaya, kuma tun ranar da ta tafi na ja ƙofar, sai dai in tura kwali ciki in juya. Yanzu kwalaye sun kai ƙuguna. Ga keken ɗinkina, ga tsohuwar fanka mai wuya a karye, ga katifa a jingine ta lanƙwashe kamar tsohuwa mai ciwon baya. Bangon ya yi dabbare-dabbare. Labulen rana ta cinye shi, ina taɓawa ya yage.

Ƙofar tana nan yadda take. Sama da mariƙin katakon ya tsage, makullin ya fita daga gidansa, in an rufe sai ta dawo da kanta. Ba komai, za a san yadda za a yi.

Kwana ashirin da biyu gare ni. Ina so in Malama ta shigo ta ga kamar ba ɗakin ba ne. In ta ji daɗin kwana za ta sake kawo min yarinyar. In ba ta ji ba, shi ke nan, Takwara za ta girma ta manta kamannina. Iyakar lissafin ke nan.

Alhamis, 6 ga wata, bayan azahar

Na kira maƙwabciyata, wadda muke ce wa Mai Otal don shekara goma sha biyar tana gyaran ɗakuna a otal. Ta tsaya tsakiyar ɗakin ta riƙe ƙugu, ta ce wannan ko ɓera ka sauka a ciki sai ya nemi a canza masa ɗaki. Muka yi dariya. Rabona da dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo an jima.

Ta zayyano min, ni kuma ina dannawa a waya: zanin gado fari ko mai haske, filo biyu, ɗaya mai tauri ɗaya mai laushi. Tawul biyu a naɗe a ƙarshen gado. Sabulu sabo, ba guntun da muke wanka da shi ba. Ruwan sha da kofi a kife. Fitila kusa da kai don kada baƙo ya tashi yana lalube. Hanga huɗu ta rataye kaya. Durowa ɗaya a bar ta wayam, wai baƙo in ya ga inda zai sa kayansa ya san an yi tsammaninsa. Sannan wai dole in kwanta a gadon da kaina ko na awa ɗaya, don mai gida ba ya sanin laifin ɗakinsa sai ya kwanta a ciki.

Da za ta fita ta shafa tsagar ƙofar ta ce wannan fa. Na ce iska ce ta buga ta. Ta dube ni, bango ɗaya ne tsakanin gidana da nata, ta ce to a rataya dogon madubi ya rufe wajen. Na ce haka za a yi.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Dogo ya zo, kamar kowace Asabar. Tunda ya koma kwana a ɗakin da ke bayan garejin da yake aiki, ranar nan yake kawo wanki ya ci abinci. Da makullinsa yake buɗewa ya shigo, sai dai in ji sallama a falo.

Ya ga kwalaye a hanya ya ce me ake yi. Na ce Yaya ce za ta zo duba ƙafarta, za ta kwana biyu. Yayata da ko waya ba mu yi ba tun wancan watan. Bakina bai ko yi rawa ba, abin har ya ba ni tsoro.

Ya ce ai ba za a kira mai fenti yana raye ba. Ya cire riga, ya shimfiɗa jaridu, ya kankare bangon tas, ya yi shafe na farko kafin la'asar. Hannunsa na da kyau a aiki, na ubansa ne Allah ya ji ƙansa, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. Yana yi yana min hirar wani mai mota da ya zuba man girki a inji. Ya rame. Wuyansa duk ya fito.

Sau nawa ya wuce ta ƙofar nan da bokiti, bai kalle ta ba ko sau ɗaya. Ni ma ban kalla ba.

Na ƙara masa kifi biyu.

Lahadi, 9 ga wata, da safe

Shi ya yi wa ɗakin da za ta kwana fenti. Ban san ko wannan laifi ba ne.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Fentin ya bushe, ruwan sararin sama mai haske, ɗakin har ya ƙara faɗi. Na samo yadin labule mai ɗan furanni rawaya, don Takwara na son rawaya, ko dai da tana so, ban sani ba yanzu. Na kai keke falo ina ta ɗinki tun azahar.

Auta ta dawo daga shagon magani, ta tsaya a kaina da jakarta ko takalmi ba ta cire ba. Ta ce Mama labule kike ɗinkawa, ƙofa fa. Na ce an sayo madubi. Ta ce madubi yana kulle ƙofa ne. Na ce wa zai shiga musu, daga ni sai ke a gidan. Ta ce wancan karon ma ai ba baƙo ba ne daga waje. Na ce ta wuce ta ba ni wuri, ba a gaya min magana a gidana, yarinyar da na goya jiya-jiya.

Ranar da abin ya faru Auta tana wurin aiki, shi ya sa bakinta ke da tsawo. Ni ina gida. Ina kicin. Wanke-wanke nake, famfo a buɗe.

Na karya allura biyu.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe uku

An kawo katifa daga wurin mai gyara, na shimfiɗa zani, na ce bari in bi maganar Mai Otal. Na kwanta bayan azahar. Gadon ba laifi. Filo mai taurin ya yi tauri da yawa. Rana na shigowa ta gefen labule daidai ido, sai na ƙara masa faɗi. Soket ɗin gefen gado ba ya kawo wuta.

Auta ta dawo cin abinci, ta shiga kicin ta buɗe famfo tana wanke hannu. Ina kwance a ɗakin baya na ji shi sarai. Har ƙarar cokali da ta ajiye na ji, har tarin da ta yi.

Ashe haka bangon yake. In daga nan ana jin can haka, to daga can

Bari in je in sauke shanya.

Alhamis, 13 ga wata

Lafiya lau. Na wanke tawul sababbi don su yi laushi. Na sake wanke su.

Juma'a, 14 ga wata, da yamma

Na shiga kasuwa neman kwan fitila, sai idona ya faɗa kan silifas na yara, rawaya, da kan agwagwa a gaba. Mai shagon ya ce shekararta nawa, na ce biyar za ta cika. Ya ce lamba nawa take sawa, na ce ban sani ba, na gwada masa da tafin hannuna yadda na san ƙafar. Ya ce Hajiya jikarki ce kuma ba ki san lambarta ba. Na ce nesa suke.

Na jera su a ƙarƙashin gado, bakinsu ya ɗan leƙo, yadda in ta sauko da safe ƙafarta za ta faɗa ciki. Na rataya madubin. Ya rufe tsagar ɗaf, sai ka ce ba a taɓa yin komai ba. Na tokare ƙofar da ɗan kwali a ƙasa don ta daina dawowa.

Ɗakin ya yi kyau wallahi. Na tsaya ina kallo har ruwan shayina ya ƙone.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ni na jawo. Ni da hannuna.

Na gaya masa soket ba ya aiki, ya ce bari ya duba. Na manta shaf. Ina kicin ina juya shinkafa na ji shiru ya yi yawa, na leƙa. Yana durƙushe gefen gado da sukundireba a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da silifas ɗin agwagwa. Duka takalmin bai kai tsawon tafinsa ba.

Ya ce, "Mama, ƙafar Yaya ce ta motse haka?"

Ya ce yaushe za su zo. Na ce abinci na ƙonewa. Ya biyo ni kicin, muryarsa ƙasa-ƙasa, irin wadda ban so, ya ce shi ba abin da zai yi, 'yarsa kawai zai gani, minti biyar, ko daga bakin ƙofa. Ya ce wata bakwai yana kiran waya ba a ɗauka. Ya ce ya canza, in tambayi mai garejin. Ya ce ashe har da ni ake haɗa baki, na sa shi ya yi fenti kamar ɗan kwangila. Wannan ta shige ni, don gaskiya ce.

Na ce ya zauna ya ci abinci. Bai ci ba. Ya koma ya gama gyaran soket ɗin, ya mayar da silifas ɗin daidai inda ya gan shi, ya daidaita bakinsa da ɗayan. Da zai fita ya kaɗa makullinsa a yatsa ya ce, "Ai nan ma gidanmu ne."

Bai buga ƙofa ba. Da ya buga da hankalina ya fi kwanciya.

Lahadi, 16 ga wata

Ya bar wankinsa. Na wanke, na goge.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Kiran Dogo shida jiya. Na ɗauki biyu. Na farko yana ba ni haƙuri, na biyu yana cewa ranar kawai zan gaya masa, shi zai tsaya tsallaken titi ko hannu ba zai ɗaga ba. Na ce Dogo ka bar ni in sha magani.

Ni na haife shi. Kwana biyu ina naƙuda. Yana ƙarami in kaza ta mutu sai ya yi kuka ya ƙi cin abinci. Wannan ma gaskiya ne, ba wanda ya isa ya ce min ba gaskiya ba ne.

Talata, 18 ga wata, da yamma

Auta ta ce dole in gaya wa Malama ya sani. Na ce ai bai san ranar ba. Ta ce mutumin da ke da makulli ba ya buƙatar sanin rana, kullum ma sai ya leƙo. Na ce in na gaya mata ba za ta zo ba. Ta ce to ita za ta zaɓa, ba ke ba. Na ce ke ba ki haihu ba, ba ki san komai ba. Ta ce haka ne, ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki.

Na sayo ƙaramar fitilar gefen gado. Na sa hanga huɗu. Durowa ta sama na share ta, na shimfiɗa mata farar takarda, na bar ta wayam.

Laraba, 19 ga wata

Na canza wa gadon wuri. Na mayar da shi inda yake.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Malama ta kira. Muryarta ce dai, a hankali, kamar tana gaban allo. Ta gaishe ni, ta tambayi hawan jinina. Ina jin Takwara can baya tana waƙar makaranta, na danne wayar a kunne har ya yi zafi.

Sai bakina ya ɓalle. Na ce an yi fenti, na ɗinka labule mai furanni, katifa kamar sabuwa, filo biyu, tawul, fitila, har durowa na ware mata. Ina ta zuba kamar mai talla. Ta bari na gama tas, sannan ta ce:

"Mama, ƙofar tana kulluwa daga ciki?"

Na ce an sa madubi mai kyau a jiki. Na ji abin da na faɗa da kunnena, kunya ta rufe ni ni kaɗai a falo.

Ban san lokacin da na ce mata ya ga takalmin yarinya ba. Na ce laifina ne, bai san ranar ba, amma ya san za ku zo, kuma yana da makullin gida. Na faɗa duka a numfashi ɗaya don kada in fasa.

Ta ce ta gode da na gaya mata. Ta ce za ta yi tunani. Na ce a ba ni Takwara mu gaisa, ta ce tana wanka. Yarinyar da nake jin waƙarta.

Juma'a, 21 ga wata, da safe

Ba saƙo.

Na sauke madubin. Na zauna bakin gado na kalli tsagar sosai, yau ne karo na farko. Daga waje aka buge ta, katakon ciki ya turo. Tsayin wajen daidai kafaɗar mutum dogo.

Na sa Auta ta kira kafinta. Ba ta ce min ai na gaya miki ba. Shayi ta haɗa min.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Kafinta ya zo da sassafe, dattijo ne mai fensir a kunne, ba ya tambaya. Ya cire katakon da ya tsage ya sa sabo, ya gyara gidan makulli. Ya fito da sakata iri biyu, ƙarama mai ƙyalli da wata baƙa mai kaurin yatsa, ya ce ta farkon ta fi kyau a ɗakin baƙi. Na ce baƙar. Ya ce Hajiya wannan ta shago ce. Na ce ita nake so, kuma a sa ta da dogayen ƙusoshi. Na shiga na zura ta, na ce ya bangaji ƙofar da kafaɗa. Ya yi dariya ya bangaza. Ko motsi.

Sai na ce ya canza na ƙofar gida ma. Ya ba ni makulli uku a zare.

Ƙarfe ɗaya na ji makulli na shiga ƙofa yana ƙin juyawa. Ya sake gwadawa. Ya sake. Ina tsaye a bayan ƙofar da kular abincinsa a hannu ɗaya, jakar wankinsa a ɗaya. Auta ta taso, na ce ta koma ta zauna.

Na buɗe na fita na ja ƙofar a bayana. Ya kalli makullin hannunsa, ya kalle ni. Ya ce me ke nan. Na ce abincinka ne da kayanka, duk Asabar za ka same su a nan, kuma in ka kira zan ɗauka. Ya ce korar sa nake daga gidan ubansa saboda 'yar wasu. Ya ce me mutane za su ce. Idonsa ya kaɗa, jijiyar wuyan nan ta tashi, na san ta.

Na ce, "Ranar nan ban fito ba, Dogo. Yau na fito."

Mai Otal ta fito wai shanya take, igiyarta kuwa ba komai a kai. Can ya sa hannu ya karɓi jakar wankin. Kular ya bar min. Ya tafi bai waiwayo ba, tafiyar ubansa sak.

Na shigo na zauna a ƙasa a bayan ƙofa. Abincin na nan, ba wanda ya ci.

Lahadi, 23 ga wata

Auta ta ɗaukar min hoton sakatar da na makullan nan uku, na tura wa Malama. Ban rubuta komai a ƙasa ba, ban san me zan ce ba. Ta gani, alamar ta nuna. Ba amsa.

Litinin, 24 ga wata

Ba amsa. Dogo ma bai kira ba. Wayar na nan a gabana kamar dutse.

Talata, 25 ga wata, da yamma

Na sa ruwa a kwalba na kife kofi. Na naɗe tawul yadda Mai Otal ta koya min, bai yi ba, na warware na ninke irin nawa. Sakatar nan ta ɓata kwalliyar ɗakin gaba ɗaya, baƙa ƙirin a jikin farar ƙofa. A bar ta.

In ba su zo ba ma ɗakin ya gyaru. Haka na ce wa Auta. Ta ce eh Mama.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe biyu

Ba labari. Na dafa shinkafa ta mutum huɗu.

Laraba, ƙarfe huɗu da rabi

Duk babur ɗin da ya tsaya a layi sai in leƙa ta taga. Ban san wanda nake jira ba da wanda nake tsoro.

Laraba, ƙarfe takwas saura

Sun zo. Ƙarfe biyar da 'yan mintuna, a tasi, ba ta ko kira ba sai ƙwanƙwasawa.

Takwara ta yi tsawo, haƙorinta ɗaya na gaba ya fita. Ta ɓuya a bayan uwarta tana leƙe na. Na ce wace ce wannan mummunar da ta sace min suna. Ta ce ke ce mummuna, Kaka. Shi ke nan, ta faɗo jikina. Ƙamshin kanta bai canza ba.

Malama ta durƙusa ta gaishe ni kamar da. Ta rame ita ma. In ana magana sai ta ɗan juyo da gefen dama.

Na kai su ɗakin. Labule, fenti, fitila, ko ɗaya ba ta kalla ba. Ta ajiye jaka ta juya ga ƙofa, ta zura sakatar, ta zare, ta zura, ta zare. Sau uku. Sannan ta ce ɗakin ya yi kyau Mama, sannu da aiki.

Silifas ɗin agwagwa bai shiga ba. Duddugen gaba ɗaya a waje. Duk abin da takalmin nan ya jawo min, ashe ko shiga ba zai yi ba. Auta ta yi ta dariya har da riƙe bango, Takwara kuwa ta ce ita dai nata ne, tana ta ɗingishi da shi a falo.

Muna cin abinci aka ƙwanƙwasa. Cokalin Malama ya tsaya a sama, ta jawo yarinyar jikinta. Na tashi da kaina na tambaya ta bayan ƙofa. Mai Otal ce, wai ta kawo ƙarin filo. Na karɓa ta 'yar kafar ƙofa na ce gobe ma gaisa.

Saƙon Dogo ya shigo, na farko tun Asabar: "Mama sun zo?" Na kife wayar.

Yanzu sun shiga, don da wuri za su tashi. Ina zaune a falo na ji sakatar ta shiga, ƙarau. A gidana, ana kulle ƙofa. Ya yi min zafi kuma ya yi min daɗi, ban san yadda ake rubuta wannan ba.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Sun fita asibiti, Auta ta raka su.

Da asuba ina wanke kofuna Malama ta shigo kicin neman ruwan zafi. Mu biyu kawai. Na kashe famfon. Na tsaya ta damanta don ta ji da kyau, na ce ranar nan na ji. Na ji komai, na ƙara buɗe ruwa.

Ta zuba ruwanta a kofi har ya cika, sannan ta ce, "Na sani, Mama. Ina jin famfon."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Ta tambaye ni inda sukari yake, na nuna mata, yana inda ta san shi.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Sun dawo sun ɗauki jaka, sun kama motar sha biyu. Likita ya ce kunnen ba zai dawo duka ba, amma akwai abin da za a gwada, ta koma bayan sati huɗu. Ba ta ce a ina za ta kwana ba. Na miƙa mata makulli na uku, ta ce in riƙe tukuna. Na riƙe.

Na amsa wa Dogo. Na ce sun zo sun tafi, yarinya lafiya, ta yi tsawo, haƙorinta ɗaya ya fita. Abincinka na nan ranar Asabar a bakin ƙofa. Ya gani, alamar ta nuna.

Na shiga cire zanin gado, na ga ta riga ta ninke komai, har tawul. Na jawo durowar sama don in share. Rigar barcin Takwara na ciki a ninke, da buroshin haƙorinta a kai, an naɗe kansa da takarda. Malama ba ta mantuwa, matar da ke ƙirga fensir talatin kullum kafin a tashi aji.

Na mayar da durowar na rufe.

Kafin su tafi na sa yarinyar ta taka kwali na zagaye ƙafarta da biro, tana ta dariya wai ina mata cakulkuli. Kwalin na cikin jakata. Gobe in Allah ya kai mu zan koma wurin mai takalmin, in ce ya ƙara lamba ɗaya a kan wannan.